Tatsuniyar Rana Tsaka

Ina cikin shafa wa ƙoƙon fuskar dodona baƙin tukunya sai Bilki ta faɗo gidanmu ba sallama, gyalenta a hannu. Bilki mai tuyar awara ce a bakin titin Sheme, kuma ita ce jarumar fim ɗina, domin duk garin babu wadda ta kai ta iya kurma ihu. Amma ranar ba ta yi ihu ba. Ta matso kusa da kunnena ta ce, "Lauratu, an kama Kamilu."

"Wa ya kama shi?"

"'Yan sa-kai, a Unguwar Kanya. Wani mai itace ne ya faɗa mani yanzu. Wai infoma ne."

Na ajiye ƙoƙon a hankali don kada ya fashe. Duk wanda ya zauna tsakanin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa a shekarun nan ya san nauyin wannan kalma. Ɓarawon daji in an kama shi, wani lokaci akan miƙa shi ga hukuma. Amma wanda ake zargin yana cin tuwo tare da ku yana nuna wa ɓarayi ƙofa, ba kasafai yake ganin faɗuwar rana ba.

Kamilu ƙanena ne, ciki ɗaya, kuma ni na aike shi. Tun da na gama karatun aikin jarida a Katsina na dawo wurin kakarmu Asibi, na ɗaura niyyar yin fim ɗin ban tsoro da wayata da wani ɗan makirfo na gwanjo. Mutane sun yi mini dariya har sun gaji. Wani tsohon malaminmu ya tare ni a hanya ya ce, "Yarinya, tsoron da muke kwana da shi bai ishe ki ba, sai kin ƙaro mana?" Na ce, "Malam, wancan ba a tambaye mu ba aka kawo mana shi. Ina son wanda za mu kunna da hannunmu, in mun gaji mu kashe." Ya girgiza kai ya wuce. Ban damu ba. Wadda aka kora daga gidan ubanta, dariya ba ta fasa mata jiki.

Labarin fim ɗin tatsuniya ce ta Kaka Asibi, wadda muka sha ji muna yara: ta Sha-Inuwa, wani abu da ke fitowa daga rafi in rana ta yi tsaka, ya lallaɓo gari yana shanye inuwar duk abin da ya tarar. Wanda aka shanye wa inuwa ba ya ƙara magana, sai ya tashi ya bi shi daji. Dodon ya dace da ni, domin a ƙasarmu yanzu ba mai yawo da kyamara bayan magariba. Ƙauyenmu na bayan Daudawa ya zama kufai, ba ya zuwuwa, shi ya sa na zaɓi Unguwar Kanya, wadda take da rafi da tsamiya da darni kamar namu. Na je na durƙusa gaban mai unguwarsu, ya ba ni izini. Ranar da safe na ba Kamilu wayar, na ce ya ɗauko mini tafiyar dodon kamar da idon dodon ake kallo: ya sunkuya, ya riƙa laɓewa, ya bi a hankali daga rafi zuwa cikin gari. Na cusa masa baƙar rigar dodon a buhu don ya gwada ta a haske.

A shekarar ne aka katse layukan waya a yankinmu, don haka babu wanda zan kira. Na ari keken maƙwabcinmu, Bilki ta hau baya, muka kama hanya. Ban faɗa wa Kaka komai ba.

A bakin Unguwar Kanya, inda suka gicciye gungume a hanya, muka tarar da taro. Maza masu bindigogi da adduna suna ƙarƙashin wata ɗorawa, mata da yara suna leƙe daga bayan darni. Kamilu yana zaune a ƙasa can cikin rana, hannuwansa ɗaure ta baya da igiyar rama. Leɓensa ya fashe, ido ɗaya ya kumbura ya rufe.

Na jingine keken na ce, "Sannunku da aiki. Wa ke da magana a nan?"

Wani saurayi dogo mai jar hula ya taso. Daga baya na ji ana kiransa Mas'udu. Ya ce, "Ke kuma daga ina?"

"Daga inda wanda kuka ɗaure ya fito. Ƙanena ne. Wayar da ke hannunka kuma tawa ce."

"To madalla. Kin hutar da mu nema."

Wani ya nuna mini tsohon da ke zaune a kan saiwar ɗorawar, bindigar toka a gicciye a cinyarsa, yana ɓantarar goro. Shi ne Baba Mani, tsohon maharbi, shugabansu. Na je na durƙusa na gaishe shi, don furfurarsa, ba don bindigarsa ba.

Ya ce, "Ɗiyar wa?"

"Ɗiyar Inusa Ɗanlahadi, na bayan Daudawa."

"Shina ina?"

"Ɓarayi sun tafi da shi, Baba. Bai dawo ba."

Mas'udu ya yi tsaki. "Kowa haka yake cewa. Baba, bari ta gani da idonta."

Ya kunna wayar ya miƙo mini ita kusa da hanci. Hoton ya taso daga cikin ciyawar bakin rafi, yana rawa kaɗan kamar numfashi. Ya rarrafa zuwa gindin tsamiya, ya tsaya yana leƙen gari. Ya bi bayan darni har ya sami wata ɓula, ya kutsa. Ga turken awaki. Ga akurkin kaji. Ga rumbuna. Ga wata ƙofar ɗaki da asabari a sake. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne, aikin ya yi kyau ƙwarai. Kamilu ya ɗauko abin da na ce, har ya fi.

Mas'udu ya ce, "Ta nan suka shigo watan jiya. Ta rafin nan, ta tsamiyar nan, ta ɓular nan. Suka kore awaki, suka tafi da matar wana da goyonta." Ya zazzage buhun, baƙar rigar ta faɗo da mayafin rufe fuska. "Wannan kuma ta zuwa Idi ce?"

"Ta dodo ce. Fim muke yi. Mai unguwarku ya ba ni izini da bakinsa."

Wani daga baya ya ce, "Mai unguwa ya tahi Katsina buga waya. Sai jibi."

"Fim!" in ji Mas'udu, yana juyawa ga taron. "Kun ji? Mu muna binne mutane, su suna fim."

Na ce, "Mu ma mun binne. Wasu ko gawar ba mu samu ba. Ba kai kaɗai aka yi wa ba, kuma ba ka fi ni jin zafi ba."

Ya ɗaga hannu kamar zai mare ni. Ban matsa ba. Baba Mani ya yi gyaran murya, hannun ya sauka.

Tsohon ya ce, "Yarinya, ni ban san fim ba. Abin da na sani, in la'asar ta yi mutanenmu da sunka tahi sintiri za su komo, wan Mas'udu na cikinsu. Za su wuce da ƙanenki gaba."

Babu wanda ya tambaya ina ne gaba.

Na dubi inuwar ɗorawar, ta tattaru a gindinta. Kuka ba zai kwance igiya ba, takardar makarantata kuma tana cikin akwati, ko tana hannuna ma babu mai dubawa. Sai na ce, "Baba, a yi gwaji. Tafiyar da ke cikin wayar nan, tafiyar dodo ce a tatsuniyar kakata. Kakata ba ta taɓa ganin hoton nan ba, yau aka ɗauke shi, idonta ma ba ya ganin allon waya. A kawo ta ta ba da tatsuniyar. Ku riƙe wayar kuna dubawa. In ta kauce ko wuri ɗaya, ku haɗa da ni."

Baba Mani ya tauna goronsa ya daɗe. Sannan ya ce, "A kawo tsohuwar."

Bilki ta ja ni gefe, idonta ya raina fata. "Lauratu, kin haukace? Kin san ba ta yi."

"Ki je ki ɗauko ta. Ki ce mata mijinta ne aka ɗaure."

Haka Kaka take kiran Kamilu tun yana cikin tsumma, irin wasan kaka da jika. Bilki ta hau keken tana tangal-tangal ta tafi.

Na san abin da take nufi. Kaka Asibi ba ta musulunta ba lokacin da mahaifinmu ya musulunta ya zama Inusa. Ta ce shi ya je, ita tana nan inda iyayenta suka bar ta, kuma ba su taɓa faɗa a kan haka ba. A wajenta, ba a yin tatsuniya da rana. Wanda ya yi, wani nasa zai ɓata. In ta kama dole, sai an fara ɗaure Gizo: mai bayarwa da masu sauraro kowa ya tsige gashin idonsa ɗaya, a haɗa a ƙulle cikin ciyawa. Muna yara mun ɗauki abin wasa.

Ranar da ɓarayi suka shigo ƙauyenmu, da hantsi ne. Muka ruga cikin dawa muka kwanta, mu da matan maƙwabta da 'ya'yansu. Baburansu suna wucewa ta gefen gonar, yara suka fara kuka. Kaka ta jawo biyu ta toshe musu baki da tafukanta, ta shiga raɗa wa sauran tatsuniyar Sha-Inuwa har suka yi tsit. Hannuwanta duka biyu suna kan bakin yara, da me za ta ɗaure Gizo? Mahaifinmu ya koma ya kwance shanun huɗa. Ba mu sake ganinsa ba, babu wanda ya kira, babu wanda ya aiko. Na faɗa mata sau ba adadi cewa masu bindiga ne suka ɗauke shi, ba tatsuniya ba. Takan ce, "Na ji, 'yar boko." Amma tun daga ranar ko da dare ba ta ƙara buɗe baki da tatsuniya ba.

Na je na zauna kusa da Kamilu a cikin ranar. Ƙasar tana ƙuna kamar tanda. Wata mata ta leƙo ta darni ta ce, "Ke 'yar nan, taho inuwa, ke ba a ɗaure ki ba."

Na ce, "Na gode, Inna. In ya tashi, na tashi."

Ta ɓace, sai ga ta da kwanon ruwa. Mas'udu ya harare ta, ta harare shi, ya kau da kai. Na ba Kamilu a baki, rabi yana zuba a ƙirjinsa.

Ya ce a hankali, "Yaya, kin ga wurin tsamiyar? Hannuna bai yi rawa ba."

"Na gani. Rufe bakinka."

"In sun tafi da ni, kada ki ba abokina Shamsu rigar. Gajere ne, zai taka ta."

"Na ce ka rufe bakinka."

Ya yi dariya, leɓen ya sake tsagewa. Na ji gwiwarsa tana karkarwa a jikin tawa. Na dafa ta na danne. Rana ta dake mu har na daina jin ƙafafuna, gumi yana shiga mini ido. An kira azahar, mazan suka yi salla kashi-kashi, wasu suna gadi. Na yi alwala da sauran ruwan kwanon, na yi tawa a zaune inda nake. Inuwar ɗorawar ta fara miƙewa gabas, ina kallonta kamar macijin da ke nufo ni.

Sai muka ji hayaniyar yara. Ga Bilki tana tura keke, jiƙe da gumi, Kaka Asibi a zaune a kan kariyar bayan keken ta ƙanƙame sirdi da hannu ɗaya, sandarta a ɗayan, tana zagin kowane rami da sunansa. Aka sauke ta. Ba ta gai da kowa ba. Ta doshi inda muke tana dogarawa, ta shafa fuskar Kamilu da yatsunta har ta kai kan kumburin.

Ta juya ta ce, "Wane marar kunya ya taɓa mani miji?"

Wasu suka yi dariya, suka haɗiye. Baba Mani ya taso da kansa ya gaishe ta, ya sa aka shimfiɗa mata buzu a inuwa, ya bayyana mata abin da ake so.

Ta ɗaga kai ta kalli sama, ta runtse ido. Ta ce, "Yanzu? Rana na bisa kai?"

"Yanzu, Iya."

"Ban yi."

Na rarrafa na je gabanta. "Kaka, in la'asar ta yi za su tafi da shi."

"Ku jira dare. In duhu ya yi in ba ku goma."

"Ba zai kai dare ba."

"Ke ba ki san komi ba!" Muryarta ta fashe. "Na yi sau guda. Sau guda tak na yi, ina Ɗanlahadi? Kina so in buɗe baki in ɓatar da wanga shi ma? In dai ɓata zai yi, ba da bakina ba."

Mas'udu ya ce, "Kun gani? Babu wata tatsuniya. Sun haɗa baki ne, tsohuwar ta mance karatun."

Na kai hannu idona na kama gashi na fizge. Ya yi zafi fiye da yadda na tuna, hawaye ya zubo, na bar shi don na fizga ne ba na kuka ba. Na ɗora gashin a tafin Kaka na naɗe yatsunta a kai.

Na ce, "Ran nan hannuwanki ba su da sarari. Yau suna da shi. Ki ɗaure shi." Na miƙe na fuskanci mazan. "Duk wanda zai saurara, ya kawo nasa. Wanda ba zai kawo ba, ya matsa inda ba zai ji ba."

"A'uzu billahi," in ji Mas'udu. "Camfin Maguzawa za mu yi da girmanmu?"

Baba Mani ya dube shi sama da ƙasa. "Kai, layun da ke damtsenka, a Makka aka ɗinko maka su? Uwarka ma ta ɗaure Gizo a gabana, tana da majina a hanci." Ya jingine bindigarsa, ya lalubi idonsa da manyan yatsunsa masu kanta. Sai da ya gwada ya sake gwadawa kafin ya samu. "Kai, wanga abu ya fi ƙaya zafi."

Daga nan sai abin ya bi layi. Ban taɓa ganin irinsa ba, kuma na yi baƙin cikin wayata tana hannun wani. Ƙarti masu adduna a kafaɗa suna tsaye suna tsigar ido, suna ƙifce-ƙifce, wani yana cewa ɗan'uwansa, "Tsaya in cire maka, kai hannunka kamar na mai faskare." Matan bayan darni suka aiko da nasu a cikin ganye. Bilki ta tsige wa Kamilu. Mas'udu ne na ƙarshe. Ya juya baya ya cire, ya miƙa ba tare da ya kalli kowa ba.

Kaka ta sa aka zaro mata ciyawa daga jinkar wata rumfa. Ta jera gashin a kai, ta naɗe, ta ƙulla, ta sake ƙullawa, ta ja da sauran haƙoranta. Ta tura ƙullin ƙarƙashin cinyarta ta zauna a kai. Sannan ta buɗe baki da kalmomin nan da kowane ɗan Bahaushe ya sani, kafin su ankara mazan nan duka sun amsa mata baki ɗaya kamar yara a dandali.

Baba Mani ya zauna kusa da Mas'udu, wayar tana tsakaninsu.

Ta fara da muryar da na manta tana da ita. Ta ce a wani gari an yi shekarar da rafi bai ƙafe ba ko da bazara, mutane suna murna, ba su san abin da ke kwance a ciki ba. Ran nan rana ta yi tsaka, kowa ya shige ɗaki, sai ciyawar bakin rafi ta buɗe.

Baba Mani ya kalli wayar ya ce, "Ciyawa."

"Ba shi tahiya tsaye, don kada inuwar da ya sha ta zube. Da ciki shika ja. Ya ja, ya ja, har gindin tsamiya. Nan ya tsaya shina leƙe, don tsamiya gidan manyansa ne, sai ya yi gaisuwa."

"Tsamiya," in ji wani da ke leƙe ta kafaɗar Mas'udu.

"Bai bi ta ƙofa ba. Ya zaga bayan darni shina shinshina, har ya iske inda akuya ta ɓula."

Mas'udu ya ɗago. "To ai ta nan ɓarayin suka bi!"

Kaka ta juyo da fuskarta wajen muryarsa. "To ta ina kake so mugu shi shigo, ɗan nan? Ta ƙofar masallaci, da sallama? Tun kakata na da haƙora ta nan mugu ke bi. Ku da kunka san da ɓular, mi ya hana ku toshe ta?"

Ta ci gaba. Sha-Inuwa ya fara da awaki, don inuwarsu tana da ɗumi, suka tsaya a turke ba kuka ba tuƙa. Ya wuce akurki ya lashe ta kaji. Ya zaga rumbu ya sha tasa, dawar ciki ta zama ƙaiƙayi. Duk inda ta ambata, sai in ga kan Baba Mani ya sunkuya ya ɗago. Ta yi waƙar dodon da ƙaramar murya, tana kaɗa sandarta a ƙasa, wata tsohuwa daga bayan darni ta karɓa mata, ta ce su a garinsu ba awaki ya fara sha ba, jaki ne. Kaka ta ce garinsu ba su iya tatsuniya ba.

"Sai ya iso ƙofar ɗaki, asabari a sake. A ciki akwai wata yarinya tana tankaɗe, ta ba ƙofa baya. Rana ta shigo ta tsakanin asabarin, ta shimfiɗa inuwarta har bakin ƙofa. Ya miƙa harshe. Yarinyar ta ji sanyi a ƙafarta. Ta aje rariya, ta waiwayo a hankali..."

Ta yi shiru. Ta nemi ruwa aka miƙo mata ta kurɓa, ta gyara zaninta.

Wani ya ce, "Sai me, Iya?"

"Sai mi? Maƙogwarona ba shi aiki in mijina na ɗaure."

Baba Mani ya karɓi wayar daga hannun Mas'udu. Hoton ya tsaya a kan asabarin, nan ne ƙarshensa. Ya juya ta ya nuna wa na kusa da shi, ya nuna wa na gaba. Sannan ya ce, "Ba ta kauce ba. Mas'udu, kai ka ɗaure, kai za ka kwance."

Mas'udu ya tsaya kamar an dasa shi. Ya zaro wuƙa ya taka zuwa wurin Kamilu, ni kuma na bi shi taku da taku, ban san abin da zan yi ba in ya karkata hannu. Ya sunkuya ya yanke igiyar. Bai ba da haƙuri ba. Ya ce da ƙasa, ba da mu ba, "Goyon da suka tafi da shi, wata huɗu ne."

Kamilu ya kasa dawo da hannuwansa gaba, sai da na kama su na juyo da su a hankali. Ya ce, "Allah ya bayyana su." Mas'udu ya gyaɗa kai ya tafi bayan ɗorawa.

Numfashin da na saki a lokacin, ina jin tun daga Sheme na riƙe shi. Na zauna daɓas a ƙasa, Bilki ta faɗo kaina tana kuka da dukan muryar nan tata, har awakin garin suka amsa.

"To Iya, an kwance," in ji mai tambayar ɗazu. "Yarinyar fa?"

Na share fuskata na miƙe kafin Kaka ta yi magana. Na ce, "Sauran a fim za ku gani. In na gama zan kawo shi nan, a kafa farin zane a jikin ɗorawar nan. Baba, wayata da rigata."

Aka yi ta gunaguni. Baba Mani ya miƙo mini wayar yana murmushi. "Ke dai ba ki da dama. In za ku komo ɗauka, ku biyo ta wurina in haɗa ku da mutum. Ku tashi yanzu, kada masu sintiri su iske ku, bakina ya gaji da bayani." Ya juya ga yaransa. "Ku kuma ku samo kara ku toshe ɓular nan, tsohuwa ta gama da mu."

Muka ɗora Kaka a keke. Kamilu ya ce shi zai tura, hannuwansa suka ƙi kama kan keken, sai ya dafa sirdi kawai yana tafiya a gefe, ni ina turawa. Kaka ta damƙe gefen rigarsa ba ta saki ba har ƙofar gida. Mun shiga Sheme ana kiran la'asar.

Na dafa ruwa na zuba gishiri, na zaunar da shi a tabarma ina gasa masa wuyan hannu inda igiya ta ci. Kaka ta dama masa fura da kanta, ta zauna tana sauraron yadda yake haɗiya. Ya sha rabi, sai kwanon ya fara kaɗawa a hannunsa. Na karɓa na ajiye. Ya kifa kansa a gwiwa, kafaɗunsa suna girgiza, babu sauti. Kaka ta ɗora tafinta a bayansa ta bar shi a nan.

Da ya lafa ya ɗago, ido ɗaya ja, ɗayan a rufe, ya ce, "Yaya, da wannan fuskar ai ba na buƙatar ƙoƙo."

Kaka ta ce, "Dama can ba ka buƙata."

Ya jawo kwanon ya shanye sauran furar, ya miƙo mini ya ce a ƙara.